Lemon ƙara kuzari marar sukari: An cire sukari, me ya rage a ciki?

Idan ka leƙa firjin shagon unguwarku, ko a Agege kake, ko Sabon Ibadan, ko Mararraba, za ka ga lemukan ƙara kuzari sun kafa nasu layin. Direban tirela da ke jiran lodi a Apapa yana sha, mai gadin dare yana sha, ɗan acaɓa yana sha, haka ma ɗalibin da jarrabawa ta matso. A manyan kantuna kuma akwai wani samfurin da ke ƙara samun karɓuwa, wanda aka rubuta wa "Sugar Free" ko "Zero Sugar" a jiki, wato babu sukari a cikinsa.

Mutane da dama, musamman masu gudun ƙiba da masu ciwon sukari, suna ɗaukar wannan rubutu a matsayin shaidar cewa lemon ba shi da illa. Wasu kuma sun ji ana cewa sinadaran da ke maye gurbin sukarin suna jawo ciwon daji, sai tsoro ya kama su. Duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ya fi cancantar ka sa wa ido a cikin gwangwanin nan shi ne sinadarin kafeyin mai hana barci, kuma shi ba a rage komai daga cikinsa ba.

Abin da aka cire

A yi wa lemon adalci, cire sukarin ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramin gwangwanin Red Bull na yau da kullum, mai cin mililita 250, yana ɗauke da sukari kimanin giram 27, wato ya haura ƙaramin cokali shida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a wuni ga babban mutum, kuma ta ce in an tsaya a giram 25 ya fi. Ka ga ke nan gwangwani ɗaya ya cinye wannan kason na biyu. Damuwa kan sukari ce ma ta sa Gwamnatin Tarayya ta sanya harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi a dokar kuɗi ta shekarar 2021.

Saboda haka wanda ya koma shan marar sukari ya rage wa jikinsa wani nauyi. Tambayar ita ce, da me aka cike gurbin, kuma me aka bari yadda yake?

Sinadaran zaƙi: tsoron ya fi gaskiyar yawa

Kamfanoni sun fi amfani da sinadarai uku wajen samar da zaƙi. Akwai asfatam da asesulfam, waɗanda kowannensu ya ninka sukari zaƙi kusan sau 200, sai sukuralos da ya ninka shi kusan sau 600. Tsananin zaƙin nasu ya sa ɗan kaɗan ake sakawa. A jikin gwangwani za ka iya ganinsu da sunayensu na Turanci ko da lambobi: E951 shi ne asfatam, E950 asesulfam, E955 kuma sukuralos.

Maganar ciwon daji ta samo asali ne daga watan Yulin 2023, lokacin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta sanya asfatam a rukunin 2B. Wannan rukuni na abubuwan da ake zargin mai yiwuwa suna iya jawo cutar ne, amma hujjar da ake da ita ba ta da ƙarfi. A rana guda da wannan sanarwa, kwamitin ƙwararru na hukumar mai kula da sinadaran abinci ya ce bai ga dalilin sauya ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi ba, wato miligiram 40 a kan kowane kilo ɗaya na nauyin mutum a wuni. Hukumar ta ba da misali da mutum mai nauyin kilo 70: sai ya sha gwangwani 9 zuwa 14 na lemo marar sukari a kullum kafin ya haura wannan ma'auni. Da wuya a samu mai shan haka, kuma in lemon ƙara kuzari ne, zai wuce iyakar kafeyin tun bai kai wannan adadin ba.

Mutanen da aka hana asfatam gaba ɗaya su ne masu wata cuta ta gado da ba ta da yawa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da PKU. Jikinsu ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin asfatam, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a kansa a jikin gwangwani.

Akwai kuma wata magana da ta fi shafar yawancin masu saye. A watan Mayun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarar cewa kada a dogara da irin waɗannan sinadaran zaƙi wajen rage ƙiba, domin nazarin da ta tattara bai nuna suna rage kitse a tsawon lokaci ba. Shawarar ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Abin da hukumar ke so shi ne mutum ya saba wa harshensa da ƙarancin zaƙi tun daga tushe. Uwargida, idan kin sauya lemon ne don ki rage teɓa, alhali tuwo da shinkafa da soye-soye suna nan yadda suke, sikeli ba zai nuna miki wani bambanci ba.

Wasu samfuran kuma suna ɗauke da wani sinadarin zaƙi mai suna eritiritol, mai lamba E968. A shekarar 2023 masu bincike a asibitin Cleveland Clinic na Amurka sun wallafa sakamakon da ya danganta yawansa a cikin jini da saurin daskarewar jini da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Yawancin waɗanda aka yi nazarin a kansu masu haɗarin ciwon zuciya ne tun asali, kuma dangantaka ce aka gani, ba a tabbatar shi ne sanadi ba. Duk da haka, mai ciwon zuciya ya kamata ya san da maganar.

Kafeyin: nan gizo ke saƙar

Kuzarin da kake ji bayan ka sha lemon nan aikin kafeyin ne. Tun da ka farka da safe, wani sinadari mai suna adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarka, kuma taruwarsa ce ke sanar da kai cewa ka gaji, lokacin barci ya yi. Kafeyin yana zuwa ne ya toshe wuraren da adinosin ke sauka, sai saƙon gajiyar ya kasa isa. Gajiyar tana nan, ba ta je ko'ina ba. Da zarar ƙarfin kafeyin ya sauka, sai ta faɗo maka gaba ɗaya, shi ne ka ga mutum ya sake miƙa hannu ga wani gwangwanin. A lemo marar sukari ma abin ya fi fitowa fili, domin babu wani abinci a cikinsa da jiki zai ƙona ya samu ƙarfi. Bashi ne kawai kake ci daga barcinka, kuma dole ka biya.

Ga ma'aunin da hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta fitar a shekarar 2015: babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a wuni, kuma kada ya sha fiye da miligiram 200 a zama ɗaya. Mai juna biyu da mai shayarwa kada su wuce miligiram 200 a wuni. Yara da matasa kuma kada su wuce miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsu.

Yanzu sai mu yi lissafi. Ƙaramin gwangwanin Red Bull yana da miligiram 80, mai sukari da marar sukari duk ɗaya. Babban gwangwanin Monster mai rabin lita yana da kimanin miligiram 160. Mutum zai ce ai ko na sha biyu ban kai 400 ba. Gaskiya ne, amma Bahaushe ba daga lemo kaɗai yake samun kafeyin ba. Goro yana da shi sosai. Kofin shayi yana da kimanin miligiram 40 zuwa 50, kuma shayin da aka bari ya daɗe a wuta, irin wanda samari ke dafawa a majalisa, ya fi haka. Kofin kofi yana kaiwa 80 zuwa 100. Ƙwayar Panadol Extra guda ɗaya tana da miligiram 65, kuma biyu ake sha. Wanda ya karya da shayi, ya ci goro da hantsi, ya sha babban gwangwani biyu da rana, sannan kansa ya yi ciwo ya haɗiyi ƙwaya biyu, ya wuce 500 bai sani ba.

Ka kuma lura da sunan guarana a jerin kayan haɗi. 'Ya'yan wata itaciya ce ta ƙasar Burazil, kuma ita ma kafeyin ce a cikinta, har ta fi ƙwayar kofi yawansa.

Zuciya da barci

Kafeyin yana ɗaga hawan jini na wani lokaci, yana kuma sa zuciya bugawa da sauri. A shekarar 2019, mujallar Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta wallafa wani gwaji da aka yi da mutum 34 masu ƙoshin lafiya, 'yan shekara 18 zuwa 40. An ba su kusan lita guda ta lemon ƙara kuzari su shanye cikin awa ɗaya. Na'urar auna bugun zuciya ta nuna sauyi a tsarin bugun na tsawon sa'o'i, kuma hawan jininsu ya ɗaga. Waɗannan lafiyayyu ne. Matsalar ita ce hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, kuma mutane da yawa suna yawo da shi ba su taɓa aunawa ba. Idan kana shan lemon nan a kai a kai, kuma ba ka san awon jininka ba, ka tsaya a kantin magani ko ƙaramin asibiti a auna ka. Ba ya ɗaukar minti biyar.

Ta ɓangaren barci kuwa, jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabin kafeyin ɗin da aka sha. Idan ka sha babban gwangwani bayan La'asar, har bayan Isha'i kusan rabinsa yana yawo a jininka. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a shekarar 2013 ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage wa mutane barci da fiye da awa guda. Ƙarancin barci kuwa shi kansa yana da hannu a ƙiba da hawan jini da ciwon sukari, wato cututtukan da mai sayen lemo marar sukari ke gudu. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Wasu magunguna kuma suna hana jiki fitar da kafeyin da wuri. Daga cikinsu akwai sifrofuloksasin, wanda aka fi sani da sifro, da ake yawan bayarwa don taifod da ciwon sanyi, da kuma ƙwayoyin tazarar haihuwa. A ƙarshen goyon ciki ma kafeyin yana daɗewa a jikin mace ninkin yadda ya saba, kuma yana ratsawa ya isa ga ɗan da ke ciki.

Direba ya sani cewa lemon nan zai iya buɗe masa ido na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da barcin da aka rasa. Wanda ya taso daga Legas zuwa Kano ya kwana biyu bai runtsa ba, barci zai iya ɗauke shi na daƙiƙa biyu ko uku idonsa a buɗe, kuma a kan babbar hanya daƙiƙa biyu sun isa. Maganin gyangyaɗi shi ne a faka mota a kwanta.

Haƙori, hanta da maganar taurin

Ana ɗauka cewa tunda babu sukari, haƙori ya tsira. Ya tsira daga ɓangare ɗaya ne kawai. Lemukan nan suna da tsami sosai saboda sinadarin tsamin lemo da ake zuba musu, mai lamba E330, kuma tsamin yana zaizaye farin rufin haƙori ko da sukari ko babu. Rufin nan idan ya tafi ba ya dawowa, shi ne haƙori ke fara tsami in ya ji ruwan sanyi. Kurɓa kaɗan-kaɗan tsawon wuni ya fi ɓarna, domin haƙorin ba ya samun hutu. Bayan an sha, a kurkure baki da ruwa, kuma a jinkirta buroshi ko asuwaki na aƙalla rabin awa, saboda goge haƙori a lokacin da tsami ya tausasa shi yana ƙara cinye shi.

Kamfanonin suna kuma tallata cewa lemon yana da bitamin na rukunin B. Gaskiya ne, amma bitamin ma yana da iyaka. A shekarar 2016 wata mujallar likitoci ta Birtaniya ta kawo labarin wani magini ɗan shekara 50 a Amurka da aka kwantar da kumburin hanta, bayan ya shafe mako uku yana shan lemon ƙara kuzari huɗu zuwa biyar a kullum. Likitocinsa sun fi zargin yawan bitamin B3 da ya tara. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma mai ciwon hanta ya kamata ya yi nesa da lemon.

Sai maganar taurin, wanda jita-jita ta daɗe tana yawo a wayoyin mutane cewa daga maniyyin bijimi ake samo shi. Ba gaskiya ba ne. An sa masa sunan ne daga kalmar da ke nufin bijimi a harshen Latin, saboda a matsarmamar sa aka fara gano shi a shekarar 1827. Wanda ake zubawa a lemo a yau haɗa shi ake yi a masana'anta, ba daga jikin dabba ba. Jikinka ma yana samar da shi, kuma akwai shi a nama da kifi. Abin da ya kamata Musulmi ya duba da kyau shi ne barasa, domin akwai gwangwanaye a kasuwa masu kama da lemon ƙara kuzari waɗanda giya ce a cikinsu, kuma sau da yawa firji ɗaya ake zuba su.

Yaranmu

Ɗauki yaro mai nauyin kilo 30. Iyakarsa miligiram 90 a wuni. Ƙaramin gwangwani ɗaya ya kusa kai shi iyaka, babba kuwa ya kusa ninka ta. Tun shekarar 2011 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ce lemukan ƙara kuzari ba su da gurbi a abincin yara da matasa. Ƙasar Lituweniya ta haramta sayar da su ga 'yan ƙasa da shekara 18 a 2014, Latbiya ta bi sahu a 2016, Folan kuma a farkon 2024. A ƙasashen Tarayyar Turai, duk abin shan da kafeyin ɗinsa ya haura miligiram 150 a lita, ban da shayi da kofi, dole a rubuta masa gargaɗin cewa bai dace da yara da masu juna biyu da masu shayarwa ba.

A unguwanninmu kuwa, yaro zai miƙa kuɗi mai shago ya miƙo masa, babu mai tambaya. Don haka aikin ya dawo kan iyaye. Maigida, idan kana ajiye lemon nan a firjin gida, ka sani cewa yaro abin da ya ga babba yana yi shi yake kwaikwayo. Uwargida, idan kin ga ɗanki ba ya barci sai tsakar dare, ga saurin fushi, ga ciwon kai da safe, ki tambaye shi me yake saya da kuɗin tara. Ga matasa kuma akwai haɗari mafi girma, wato jefa ƙwayoyi irin su tiramadol a cikin lemon. Kafeyin yana ɓoye alamun buguwa, sai mutum ya ƙara sha yana ganin lafiyarsa lau, kuma tiramadol da kansa yana iya jawo jijjiga da tsayawar numfashi.

Me za ka yi?

Kafin ka biya kuɗi, ka juya gwangwanin. Ka duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar da zai daina aiki. Ka nemi adadin kafeyin, ka kuma lura cewa sau da yawa adadin da ke cikin mililita 100 ake rubutawa, don haka in gwangwanin rabin lita ne sai ka ninka sau biyar.

Idan kai babba ne mai lafiya kuma ka ga sai ka sha, ka tsaya a ƙaramin gwangwani ɗaya a wuni, kafin Azahar, bayan ka ci abinci, kuma ka rage goro da shayi a ranar. Kada ka sha don kashe ƙishirwa a cikin rana ko lokacin wasan ƙwallo, ruwa ne maganin wannan. A lokacin azumi ma bai dace a buɗe baki da shi ciki babu komai ba.

Yara, masu juna biyu, masu shayarwa, masu hawan jini ko ciwon zuciya, masu farfaɗiya, da masu fama da fargaba ko rashin barci, su haƙura da shi gaba ɗaya. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi zai iya ganin ciwon ya ƙaru. Mai ciwon sukari ya tuntuɓi likitansa, ya kuma riƙe wannan: idan sukarinka ya faɗi, ka fara karkarwa da zufa, lemo marar sukari ba zai ɗaga shi ba. A wannan lokacin sukari na gaske, ko zuma, ko lemo mai sukari ake buƙata.

Wanda ya riga ya saba kada ya yanke lokaci guda, domin zai sha ciwon kai da kasala na 'yan kwanaki, abin da ke mayar da mutane da yawa ruwa. Ya riƙa ragewa a hankali cikin mako biyu. Idan kuwa bayan an sha mutum ya ji zuciyarsa tana tsalle, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko ya suma, a garzaya da shi asibiti, a tafi da gwangwanin don likita ya ga abin da ya sha.

Daga ƙarshe, ka tambayi kanka dalilin gajiyar. Idan kana samun barcin awa bakwai, kana cin abinci, kana shan ruwa, amma kullum jikinka a mace yake, akwai yiwuwar ƙarancin jini ne, ko ciwon sukari, ko wata cutar da gwajin jini zai nuna. Kuɗin gwangwanayen wata guda za su iya biyan wannan gwaji. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.